Mai waldan Sabon Gari da ya haɗa mana makullin iska na jirgi

Kusan sati uku kenan ina cewa zan rubuta wannan abu sai yau Allah yayi. Akwai wani shagon walda a Sabon Garin Zariya, in ka baro kasuwa ka nufi wajen Muchia, shi ya haɗa mana makullin iska na ƙaramin jirgin saman Baba Kyaftin, kuma tunda mutum biyu sun riga sun tare ni suna tambaya wai daga waje muka yo odarsa, nace bari kawai in faɗi yadda aikin ya tafi, da inda naji daɗi da inda raina ya ɓaci.

Ga wanda baisan harkar ba, jirgi in yana ajiye a ƙasa waɗannan filafilan masu motsi, wato rada da ke tsaye a wutsiya, da eleveta da ke kwance a wutsiyar, da eleron na bakin fukafukai, ba abinda ke riƙe da su. Iska na tasowa zata dinga buga su kaman ƙyauren da aka manta ba'a sa masa sakata ba, garam garam, har sai wani abu ya lanƙwashe. Abinda ake sawa ya riƙe su shi mutanenmu ke cewa gos lok, ni dai makullin iska nake ce masa.

Jirgin namu RV-6A ne mai kujera biyu, irin wanda kamfanin Van's Aircraft na jihar Oregon a Amurka ya dinga sayarwa a da a wargaje cikin akwatuna kai ka harhaɗa abinka. Baba ya haɗa shi da hannunsa bayan yayi ritaya, ribiti bayan ribiti, ni ne yaronsa a aikin, yana bugawa ta waje ina riƙe da ƙarfen dannewa ta ciki har hannuna ya dinga rawa da daddare. Wanda ya san Air Beetle ɗin nan da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna domin sojan sama su koyi tuƙi, to ɗan gidansu ne, daga RV-6A ɗin aka samo shi. Kuma abinda ya kamata a gane game da irin wannan jirgin shine tayar gabansa sake take, juyawa take yadda taga dama kaman tayar keken asibiti, da birki ake karkata shi a ƙasa. A ƙananan jiragen Cessna fedal ɗin rada a haɗe suke da tayar gaba, saboda haka in jirgin na tsaye nauyinsa ma kaɗai na ɗan riƙe rada ɗin. Mu namu ba haka ba, waya biyu ce kawai ta taso daga fedal zuwa wutsiya, kuma in ba ƙafa akan fedal ɗin wayoyin a sake suke.

Mun san wannan sarai, amma muka yi sakaci. Ƙarshen watan Afrilu jirgin ya kwana a waje saboda ana gyaran ƙasan rumfar da muke ajiye shi, muka ɗaure shi da igiya uku, muka ja sandan tuƙi baya muka ɗaure da bel ɗin kujera, rada kuwa muka barta haka muna ganin kwana ɗaya ne. Duk ɗan Zariya yasan hadarin farkon damina, gabas tayi baƙi ƙirin, sai jar ƙura ta riga ruwan isowa, iskar da ke kwashe kwanon gidaje a Tudun Wada da Gyallesu duk shekara. Da asuba muka je muka tarar iskar ta buga rada ɗin har ƙarfen da ke tsayar da ita ya lanƙwashe, ta wuce iyakarta taje ta samu bakin eleveta, shi kuma ya huda ta, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa. Baba bai ce komai ba, ya ɗora tafin hannunsa a wurin ya daɗe a tsaye. Ni na riƙe masa ƙarfe ranar da muka buga ribitin wannan rada ɗin, nasan kwana nawa ta ci mana. Wata biyu muka yi muna jiran sabon falle ya iso.

Ana sayar da makullin a waje, amma in ka lissafa dala da kuɗin jirgi da na fito sai kaji abin ya fita daga hankali, ga jira. Baba yace wannan ba abu bane da zai tashi sama da mu, a ƙasa yake aikinsa, saboda haka a gida za'a yi shi.

Masu walda biyu na fara zuwa wurinsu, ɗaya a Kwangila ɗaya a Samaru, dukkansu daga na fara bayani sai su jawo rodi ko angul, a ganinsu ƙarfi ake nema, kaman ƙofar get. Wannan na ukun wani direba ne ya kwatanta min shi, yace yana yiwa ɗaliban Abiyeshan, wato kwalejin koyon aikin jirgin sama, ƴan ƙananan ayyuka, ita kwalejin ai tun 1964 take nan Palladan, duk mai sana'ar ƙarfe da ya daɗe a garin nan akwai ranar da wani ya taɓa kawo masa abin da ya shafi jirgi. Dattijo ne, zai yi shekara sittin, shagon ba wani babba ba, injin walda ɗaya, injin yankan alminiyom na masu taga, da yara huɗu. Na nuna masa hoton ɓarnar a waya, ya cire tabaran waldan ya sa na karatu ya ƙura masa ido, sannan yace, Injiniya, in iskar ta fi ƙarfi wa kuke so yaji ciwo, ƙarfena ko jirginku? Wallahi daga wannan tambayar na san na zo wurin. Yace shi bazai yanka komai ba sai yaga jirgin da idonsa, kuma washegari ya hau mashin ɗinsa ya biyo ni bai nemi ko kuɗin mai ba.

Abinda ya burge ni a ranar shine yadda ya taɓa jirgin. Ya goge hannunsa da gefen rigarsa tukuna, ya danna jikin rada ɗin da babban yatsa a hankali, ya juyo yace wa Baba, ranka ya daɗe wannan ai kaurin kwanon rufi ne. Kuma gaskiyarsa, fallen wurin wajen rabin milimita ne. Baba ya nuna masa layin ribiti yace a ƙarƙashin nan akwai haƙarƙari, nan ne kaɗai zai iya ɗaukar matsi, tsakaninsu kuwa fanko ne in ka matse zai loɓa. Sai ya ciro alli yace a bashi izini, ya ɗan ɗiga alama akan tef ba akan fenti ba, ya kawo kwalin indomi ya yanka shi daidai da lanƙwasar wutsiyar, yana yanka yana gwadawa har ya zauna ɗaf. Ya shiga ciki ya kwanta rub da ciki ƙafafunsa a waje yana leƙa fedal da tocilan waya, ya tambaya wannan na saman na menene, nace birki ne, yace to ba zan taɓa shi ba, ƙarfen ƙasan zan tokare. Ban gaya masa ba shi ya gano. In ka bar abu yana danne da birki kwana da kwanaki cikin zafin nan man birkin na iya kumbura ya dami robobin ciki.

Abu biyu ya haɗa. Na cikin jirgi faif ne na alminiyom guda biyu, ɗaya na shiga cikin ɗaya kaman eriyar rediyo, da ramuka a jere da ɗan fin da zaka sa in ka kai tsawon da kake so. Gabansa yayi reshe biyu kowanne da ƙugiya da aka sa wa guntun tiyo, su ke tura fedal biyun gaba lokaci ɗaya, suna turawa wayoyin rada sun miƙe, rada ta tsaya a tsakiya. Bayansa kuma faffaɗan katako ne da roba da ke jingina a gindin kujera inda ƙashin fukafuki ya ratsa. A tsakiya ya sa wani ɗan maƙali da ke rungume sanda a tsaye, to da wannan eleveta da eleron ma sun kafe, tunda su da sandunan ƙarfe ake tura su ba waya ba. Wannan ya fi ɗaurin bel ɗin da muke yi nesa ba kusa ba, don in ka ja sanda baya gaba ɗaya eleveta na ɗage sama, ruwan sama ya taru a inda bai kamata ba.

Na wajen kuma katako ne biyu marasa nauyi, tsawon kamu ɗaya da rabi, suna rungumar wutsiyar da rada ɗin tare ta gefe da gefe, ƙusa ɗaya a gaba ɗaya a baya da noti mai kunne da zaka murɗa da hannu. A ƙarshen baya ya sa ɗan guntun katako a tsakani yadda duk ƙarfin da mutum zai murɗa bazai matse bakin rada ɗin ba, wurin siriri ne kaman bakin wuƙa.

To nan ne aka samu matsala, kuma dole in faɗa. Kwana uku yace, sai da muka yi tara. Nasan halin wuta kuma nasan abinda man janareta ke ci, ban ƙi ba, amma waya fa, sai ka kira sau biyar ba'a ɗauka ba, sai dai ka tashi ka je. Da naje karɓa kuma baya nan yaje jana'iza, babban yaronsa ya miƙo min, ina dubawa naga sun manna soson katifa a cikin katakon, kusoshin kuma baƙin ƙarfe tsirara ko fenti babu. Soson katifa ruwa yake sha ya riƙe, sannan in hunturu yazo ya cika da ƙura ya koma kaman sanfefa akan fenti. Baƙin ƙarfe kuma in ya haɗu da alminiyom ga danshi, alminiyom ɗin ne ke fara ciwo. Nace wa yaron ba zan karɓa ba, ya fara min wai Oga ai soso soso ne, naji raina ya ɓaci sosai na ajiye masa na tafi.

Da magariba sai ga maigidan a ƙofar gidanmu da kansa. Yace Injiniya kayi haƙuri, laifina ne da na bar musu ban tsaya akai ba, gobe kazo da hantsi. Ina zuwa na tarar ya sayo silifas sababbi ƙafa uku, ya cire maɗaurin, ya zauna akan benci da reza yana fere su falle falle, ya jefa guntu ɗaya cikin bokitin ruwa ya danna shi ƙasa ya sake ya taso, ya ciro ya matse a gabana ko ɗigo bai fita ba. Yace wannan shekara nawa muna shiga banɗaki da shi bai taɓa shan ruwa ba. Da shi ya shimfiɗe cikin katakon, ya canza kusoshin zuwa farare marasa tsatsa, ya zura musu siririn tiyo don ko da sun gogi jirgin. Bai ƙara min ko sisi ba kuma kuɗin silifas ɗin ma daga aljihunsa. Yaron yana tsaye yana kallo, ba tsawa ba zagi, kawai yace masa zo ka riƙe min nan kaga yadda ake yi.

Sai maganar jan ƙyalle, wadda a wurin Baba ta fi duk sauran muhimmanci. Makullin iska abu ne da ke ceton jirgi a ƙasa amma in ka manta shi ka tashi shi zai kashe ka, kuma ba ƙananan matuƙa ya kashe ba. Baba ya zauna akan bencin shagon ya basu labarin Boeing 299, wanda daga baya ya zama jirgin yaƙin nan B-17, ranar 30 ga Oktoba 1935 a Wright Field ta jihar Ohayo, ƙwararrun matuƙan gwaji suka tashi da makullin a ɗaure, jirgin ya ɗaga hanci sama ya faɗo ya kama wuta, mutum biyu suka rasu, kuma daga wannan hatsarin ne aka fara rubuta takardar dubawa da kowane matuƙi ke bi layi layi har yau. Yace kar kuce zamanin da ne, a watan Mayu 2014 wani jirgin Gulfstream a Bedford ta jihar Masachusets ya taho da gudu zai tashi makullinsa a ɗaure, ya wuce ƙarshen titin, mutum bakwai ba wanda ya fita. Shagon yayi tsit, har mai shayin gefe ya matso.

Maigidan yayi shiru can yace to ranka ya daɗe a yi shi yadda ko mutum yaso mantawa bazai iya ba. Shi ya kawo shawarar a sa ɗan zobe a jikin faif ɗin ciki a dinga rataya mukullin tada inji a wurin, baka isa ka ɗauki mukulli ba sai hannunka ya taɓa shi. Dama Cessna haka suka yi nasu, ƙarfen da ake zurawa a sitiyari yana da ɗan allo da ke rufe wurin mukulli. Kuma namu a tsakanin ƙafafu yake kwance, ba yadda za'ayi ka zauna ka miƙe ƙafa yana nan. Na wajen ne abin tsoro tunda in kana zaune a ciki baya gabanka. Sai ya kira maƙwabcinsa mai ɗinkin kushin, ya ɗinka mana jan tamfol mai tsawon kamu biyu da farin rubutu, gefe ɗaya da Turanci yadda aka saba, ɗaya gefen A CIRE KAFIN A TASHI, sannan ya ɗinka jaka mai aljihu biyu daidai girman kowanne, ana rataye ta a bayan kujera, in aljihu ɗaya ya zama fanko kasan akwai abinda ke jikin jirgi har yanzu. Duk da haka Baba baya barin gwajinsa, kafin ya shiga titi sai ya kai sanda kusurwa huɗu, ya taka fedal dama da hagu har ƙarshe, yana waigawa yana gani da idonsa.

Kuɗin duka, da faif da katako da kusoshi da aikin hannu da na mai kushin, naira dubu 26 na biya. Rasit babu, a bayan kwalin indomin nan ya rubuta min lissafin, wanda ke buƙatar takarda don ofis ya sani tun yanzu.

Cikin daminar nan muka gwada shi da gaske, ba da niyya ba. Mun fito da jirgin wanki da la'asar sai hadari ya haɗo da sauri, ba lokacin tura shi ciki, na ɗaura na ciki Baba ya ɗaura na waje, ko minti biyu bamu yi ba, muka ruga ƙarƙashin rumfa. Ina kallon jirgin yana jijjiga akan igiyoyinsa, jan ƙyallen ya miƙe sambal yana kaɗawa kaman zai tsinke, wata robar ruwa ta taso ta wuce ta ƙarƙashin fukafuki, amma rada ɗin ko gezau. Da ruwan ya tsagaita muka kwance katakon, na shafa wurin da hannu, ba loɓawa ba ƙarzuwa, robar silifas ɗin ma a bushe ta ciki.

Abubuwan da har yanzu basu min ba, jan fentin da ya shafa wa katakon ya fara ɓarewa tun wata na biyu, inaga bai sa na ƙasa ba kafin ya shafa, ni na sake shafe shi da kaina. Noti mai kunnen ma ɗaya ya faɗi cikin ciyawa muka yi rabin awa muna nema, kuma ƙaramin ƙarfe a ƙasa kusa da farfela ba abin wasa bane, da na koma na gaya masa sai ya huda kunnen ya ɗaure shi da siririyar waya a jikin katakon, da tun farko akayi haka da yafi. Sannan duk kyan robar dole ka goge ta da tsumma kafin ka ɗaura, in ƙura ta kwanta a kanta zata ci fenti a hankali, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.

Kuma don Allah wanda zai je wurinsa ya gane, shi ba injiniyan jirgi bane kuma bai taɓa cewa shi ne ba. Akwai lokacin da wani abokina da ya raka mu yace me zai hana a huda ɗan rami a ƙarfen tsayar da rada a dinga zura waya mai lanƙwasa, wasu na yin haka. Maigidan yace shi dai dirilinsa bazai taɓa jikin jirgi ba ko nawa za'a bashi, in hudawa ce Kyaftin ya huda abinsa. Kai zaka zo masa da sanin inda ke ɗaukar matsi da inda baya ɗauka, shi kuma yana da hannu da kunnen saurare, in ka bar masa aiki kace ya tsaya akai da kansa kar ya barwa yara, kuma ka ƙara kwana biyar akan duk ranar da ya faɗa maka.

Jiya na sake komawa da wani kwalin. Zanzaro ya fara ɗaukar laka yana leƙa bakin bututun pito, wanda ke auna gudun jirgi a ƙarƙashin fukafuki, in ya gina ɗakinsa a ciki agogon gudu ya daina faɗin gaskiya kenan, to muna so mai kushin ya ɗinka masa hula da nata jan ƙyallen, shi kuma maigidan ya yanka mana katakon tare taya guda huɗu da igiya. Har ya auna faɗin tayar da zare ya ƙulla, yace a ƙara wa jakar nan aljihu na uku, kuma yace Laraba.